Ma'aruf da Fankar Alhaji Saminu

Ma'aruf in ya shiga ɗaki, sama yake fara dubawa kafin ya dubi masu ɗakin. Ko gaisuwar rasuwa ya je, sai ka ga idonsa ya tsaya a kan fanka. Gyaranta ne sana'arsa tun yana saurayi, a wata rumfa kan hanyar Sandamu, nan cikin Daura. Taubashina ne, ni ɗan mace, shi ɗan namiji, kullum cikin tsokanar juna muke.

Shekarar da aka sake rufin masallacin unguwarmu, Alhaji Saminu, mai safarar kaya ta kan iyakar Kongolam, ya kawo wata babbar fanka irin ta masana'anta, sadaka ga mahaifinsa. Fiffikenta ɗaya ya fi ni tsawo. Iska kam tana bayarwa. Sai dai injinta yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, mai bin ƙarfen rufi ya cika masallaci. Liman Ɗantsoho kuwa ya tsufa, muryarsa ta sirance, lasifika ma gurnanin take ɗauka. Sahun baya suka fara yin ruku'u bayan an ɗago. Kashe fankar ba mai iyawa, mai ita yana sahun gaba. Sai magana ta koma kan Liman, wai lokaci ya yi da zai huta.

Liman ne ya raɗa wa 'ya'yan Ma'aruf suna, dukansu.

"Ba Malam ba ne, boris ɗin da injin ke juyawa a kai ne," in ji Ma'aruf. "Ku ba ni tsani."

Ya sauya boris, ya cika giris, ya yanko tsohuwar taya ya sa tsakanin injin da ƙarfen rufi. Ya sauko ya kunna.

"Kun ji ko? Tsit."

Mun ji. Gurnanin yana nan. Mutum ya yi shekaru a gindin janareto, akwai abin da kunnensa yake bari a can. Matarsa Hajo ta daɗe da daina kiransa daga nesa.

Ladan ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ma'aruf. Ya yi sauƙi." Kowa ya ce ya yi sauƙi. Ba a kunyata dattijo a kan sana'arsa.

Ya juyo gare ni. "Kai bawana, me ka ce?"

Na matsa kusa da kunnensa. "Tana nan tana gurnani, Ma'aruf. Da gaske nake."

"Ku ji shi. Tun muna yara bai taɓa yaba min ba, ko tuwon gidana ya ci sai ya ce da gudaji."

Aka yi dariya. Na sake faɗa a hanya, ya sake dariya.

Shi da kansa ya je ya shaida wa dattawan masallaci an gama da fanka. Da sahun baya suka ci gaba da kuskure, ba sauran abin zargi sai ɗaya. Na'ibi ya karɓi limanci, mai murya ne. Malam Ɗantsoho ya koma bayansa.

Wata la'asar Ma'aruf ya jingina da ginshiƙin masallaci, ya ji yana rawa a bayansa. Ya ɗora tafin hannu ya daɗe. Ya dube ni, wannan karon bai kira ni bawansa ba.

Washegari ya sauke injin, ya ce naɗin waya ne, zai sake shi gaba ɗaya, in ya gama sai ya koma wurin dattawa a kan maganar Malam. Kafin damina ta faɗi, hannun Ma'aruf na dama ya shanye. Alhaji Saminu ya aiko da sabon inji. Tsohon injin yana nan a buɗe a rumfar Ma'aruf, naɗin wayar bai kai rabi ba.