Rigar Baƙon Katako

A layin teloli na kasuwar Boɗinga, Mode ne kaɗai bai sayi injin aiki ba. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune kan tabarma da allura, yana fitar da aska a wuyan babbar riga. Da injuna suka yawaita, masu kawo masa aiki suka janye, har wata kan wuce ba abin da ya taɓa sai aljihun da ya yage.

Ɗan ƙanwarsa, Abdulaziz, yana karatun aikin gona a Prague, babban birnin ƙasar Czech. Yana zaune a gidan wata tsohuwa, Zdenka, wadda ta gaji wasan 'yan tsanar katako daga kakanta. Rataye su ake yi da zare, mai wasa na sama yana ja, su yi tafiya, su yi gaisuwa, ana goga musu goge irin na can. Duk shekara akwai bikin wannan wasa a wani ƙaramin gari, baƙi na zuwa kallo daga ƙasashe. Bana Zdenka ta shirya labarin wani baƙo daga nesa. Da ta ga hoton Abdulaziz na sallah, sai ta ce irin rigar nan take so a ɗinka wa baƙon.

"Kawu, tsawonai kamu guda," in ji Abdulaziz a waya.

"Kamu guda? Jinjiri na?"

"Katako na, Kawu."

Bashir mai albasa, maƙwabcin Mode na kasuwa, ya yi dariya har da tari. "Mode, mutane sun ƙare ka koma ma itace? In rigar ba ta yi mai ba, kawo shi mu dahwa shayi."

Mode ya kama aikin rigar. Kwana sha tara ya yi a kanta. Ya yanka ta kamar ta hakimi, faɗinta ya zarce hannu, ya zuba mata aska biyu da zare mafi siriri. Wani ɗalibi mai komawa can ya tafi da ita.

Saura kwana goma biki, Abdulaziz ya kira ta bidiyo, murya a sanyaye. Rigar ta haɗiye hannuwan baƙon. Ko an ja zare ya ɗaga hannu, ba a ganin komai sai yadi na motsi. Zdenka ta ce ko dai ta rage gefen da almakashi, ko ta mayar masa da tsohon kwat ɗinsa.

"Almakashi?" Mode ya miƙe tsaye. "Nuna min shi."

Aka nuna masa. Ga baƙon nan a rataye, riga ta zubo masa har ƙasa.

"Wa ya ce muku haka aka sa riga? Kai Abdulaziz, Turai ta mantar da kai yadda ubanka ka tahiya? Bashir, riƙa min wayag ga."

Ya zura tasa rigar, ya fito tsakiyar layi. Ya taka uku, ya tattaro gefen dama ya saɓa a kafaɗa, sannan na hagu. Ya yi gaisuwa, rigar ta zame, ya sake saɓawa ba tare da ya duba ba.

Zdenka ta matso da fuskarta har gilashinta ya cika wayar. Ta yi magana da sauri.

"Ta ce ka sake, Kawu. Sannu a hankali."

Sau bakwai ya yi, masu albasa na yi masa kirarin ango. A na bakwai tsohuwar ta ajiye almakashin, ta ɗauko zare biyu ta ɗaura a bakin rigar, dama da hagu.

Bayan biki bidiyon ya iso, teloli suka taru a kansa. Goge na tashi, baƙon katako ya shigo da taƙama, ya tsaya, ya watsa riga a kafaɗa. Ɗakin wasan ya ɗauki tafi. A layin gaba yara na ta gwadawa da rigunan sanyinsu. Abdulaziz ya rubuto cewa Zdenka na son baƙon ya dawo baɗi da 'yan rakiya uku.

"Hagu ya hwara," in ji Mode. "A gaya mata dama aka hwarawa."

Husaini, mai injin da ya fi na kowa tsada a layin, ya karɓi wayar ya ƙara girman hoton wuyan rigar. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Mode, ƙaƙa ka shigar da aska biyu a wuri kamar tafin hannu?"

Mode ya matsa gefe a kan tabarma.

"Cire takalmi ka zamna."