Sunan da Sahura Ba Ta Faɗa

Sahura ƙawata ce tun muna 'yan mata masu tallar fura, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajen aurenmu a wani ƙauye na ƙasar Gwashi. A duk zaman nan, kafin abin da zan ba ku labarinsa ya faru, ban taɓa jin sunan ɗanta na fari a bakinta ba. Mas'ud sunansa, amma ita "wancan yaron" take cewa, har ya yi gemu. Kunyar ɗan fari kowa ya santa a wajenmu, sai dai ta Sahura ta yi yawa. Ko wani Mas'ud ɗin daban aka ambata, sai ta ce "mai sunan wancan". Nakan tsokane ta in ce, "Ke Sahura, ran da yaf faɗa rijiya mi za ki ce ma mutane?" Sai ta harare ni ta ci gaba da daka.

Mace ce mai ƙarfin hannu da ƙarancin magana. Mijinta ya rasu da wuri, ita ta riƙe gona, ta riƙe Mas'ud da ƙanwarsa Zinatu. Da Mas'ud ya tasa ya shiga haƙar zinariya wajen Anka, rami ya taɓa rufta masa a ƙafa, tun daga nan yake jan ta hagu in yana tafiya. Daga cikin ɗaki kana iya gane shi ne: taku ɗaya, sai ja.

Wata ranar kasuwa mutanen daji suka tare hanya suka kwashe mota guda, har da shi. Aka yi ta jiran waya, shiru. Damina ta wuce, rani ya wuce. Wani da ya kuɓuto ya rantse ya ga gawarsa a bakin rafi. Liman ya tara maza aka yi masa salla babu gawa, muka zauna zaman makoki. Sahura ba ta yi kuka a gabanmu ba, kunyar ba ta bari ba. Da masu gaisuwa suka watse sai ta ce mini, "Saudatu, raka ni wurin Dikko."

Dikko tsohon maharbi ne, shi ke koya wa 'yan sa-kai riƙon bindiga. Da ya ji abin da ya kawo mu sai da ya cire hula ya sosa kai. Mace da bindiga! Ta ce masa an ɗauke mata ɗaya, saura ɗaya, ga Zinatu ta dawo gida goyon ciki, kuma babu namiji a gidan. Bai ƙara musu ba. Ya shiga ɗaki ya fito da guda uku ya shimfiɗa a kan buzu. Doguwar ta mafarauta ta ɗaga ta ajiye, ta ce kafin ta juya da ita a ɗakinta an gama da ita. Ta biyun ta yi mata faɗi a tafin hannu. Ta ukun ƙarama ce, ƙirar maƙeran gida, baƙa, mummuna, harsashi ɗaya take ci. Sahura ta jinjina ta kamar mai zaɓen muciya a kasuwa, ta ce, "Wagga ta yi." Kada ku tambaye ni takardar izini, don a lokacin ko mai ba da takardar ba ya biyo hanyarmu.

A wani tsohon ramin haƙa bayan gari yake koya mata, ni ina gefe na toshe kunnuwa ina salati. Ya kife ƙwarya a kan kututture. Harbin farko ƙwarya ko gezau, Sahura kuwa ta zauna daɓas a ƙasa. Na yi dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini. Amma kafin gero ya yi kai, ƙoren gidanta sun ƙare, ta fara aron nawa.

Dikko ya fi damuwa da bakinta a kan hannunta. Kullum sai ya maimaita mata: "Harsashi guda gare ki, kuma ba ya dawowa. Kada ki harbi abin da ba ki tambaya ba. In kina zaton naki na, kira shi da sunanai, da ƙarfi. Naki za shi amsawa. In kin kira an yi shiru, to wanga ba naki ba na." Ta ce to. Ni ma na ce to. Mu uku, manya da hankalinmu, babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wane suna ne ba ya fita daga bakin matar nan. Ai a wurinmu mai sunan ya riga ya mutu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi aka zo da labari an ga babura a ƙetaren rafi. Kafin rana ta take, gari ya watse, kowa ya kama hanyar Bukkuyum da abin da ya iya ɗauka. Zinatu cikinta ya tsufa, ko tsakar gida da ƙyar take ratsawa. Ni kuma gwiwoyin nan nawa sun daɗe da yi mini tawaye. Sai muka shige ɗakin Sahura mu uku, ta jawo ƙyauren langa-langa ta tokare shi da turmi.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Babu daka, babu kukan yaro, ko jakin liman mai damun mutane an tafi da shi. Sai ƙarar kwanon rufi da rana ke gasawa, ƙas, ƙas. Gero ya yi tsawo ya kewaye gari, iska na ratsa shi yana wata irin magana ƙasa-ƙasa. Tsakar rana ce, lokacin da tun muna yara ake hana mu yawo, don ba mu kaɗai ke gari ba a wannan sa'a.

Sai muka ji an shigo zaure, babu sallama.

Taku ɗaya, sai ja. Taku ɗaya, sai ja.

Wallahi gashin jikina sai da ya miƙe. Zinatu ta cusa zane a baki. Na dubi Sahura, fuskarta ta yi fari fat. Tafiyar nan mun san ta, kuma mun san an yi wa mai ita salla. Sahura ta zaro bindigar daga ƙarƙashin tabarma ta leƙa ta hujin ƙusa. Daga baya ta gaya mini abin da ta gani: doguwar riga baƙa irin ta mutanen daji, rawani ya rufe fuska, sai idanu. Kayan nasu ne, tafiyar ta ɗanta.

Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Muna jin numfashi. Aka taɓa ƙyauren a hankali, turmin ya motsa.

Na juya wurin Sahura. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa. Sannan, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta ce:

"Mas'ud!"

Numfashin da ke waje ya ɗauke ɗif. Muka jira. Babu na'am, babu tari, babu komai, sai geron nan da ke ta raɗa. Hawaye na zuba a fuskarta, hannunta kuwa ko rawa ba ya yi, Dikko ya koyar da shi da kyau. Ƙyauren ya sake motsi, ta harba.

Ɗakin ya cika da hayaƙi da warin albarushi. Muka ji abu ya faɗi. Can sai wata 'yar murya daga ƙasa ta ce, "Inna."

Shi ne. Ba gawarsa aka gani a rafi ba. Kiwon shanun sata mutanen daji suka sa shi, suka ba shi tufafinsu, ranar nan da suka fito ya samu ya sulale ta cikin gero. Ya tarar da gari wayam, bai san ko mutanen dajin suna cikin gidajen ba, shi ya sa bai yi sallama ba. Harbin ya ratsa langa-langa ya tafi da kunnensa na dama da jin da ke cikinsa. Na hagun kuwa tun a daji dukan da aka yi masa ya kashe shi. Da yamma 'yan sa-kai suka dawo, aka ɗauke shi zuwa asibiti a Gummi, ya rayu.

Da aka sallamo shi na je gaishe shi. Yana magana da ƙarfi yanzu, irin ta wanda ba ya jin kansa. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. "Gwaggo, na ji kiran. Muryar Inna ta, sarai. Amma Inna ba ta faɗin sunana. Ga gari ba kowa, ga rana tsaka, ga kira daga inda ban ga mai yi ba. Ku kunka hwaɗa muna ba a amsa irin wanga. Sai nik kame baki ina karatu cikin zuciya." Ni kaina na sha gaya masa haka yana yaro.

Dikko ya zo da kansa ya karɓi bindigar, Sahura ta miƙa masa a cikin ƙwarya ba ta dube shi ba. Zinatu ta haifi namiji. Mas'ud yana zama a zaure yana tufkar igiya, ya iya kuwa, har daga Gwashi ake zuwa saye.

Abin da ke tayar mini da tsigar jiki shi ne yanzu ta katanga ina jin sunan kullum. Da safe, da azahar, da magariba. Takan zo ta bayansa da kwanon tuwo ta tsaya ta ce, "Mas'ud." Ta ɗan jira kamar mai jiran amsa, sannan ta taɓa kafaɗarsa.

Rannan ina zaune a zauren ta kawo masa fura. Ya riƙe bakin zanenta ya ce, "Inna, sau guda nij ji, kuma ban amsa ba. Tsaya nan gabana ki hwaɗi, in gani ga bakinki, in amsa miki."

Ta tsaya a gabansa. Ya kafa wa bakinta ido. Leɓunanta suka yi rawa, suka haɗu, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ta zagaya ta bayansa a hankali, ta tsaya daidai kunnen da babu, ta faɗa har sau biyu.

Shi kuwa yana nan zaune, igiya a cinya, yana kallon inda ta tashi, yana jira.