Hannun Rahamatu Mai Tabon Farce

Kullum bayan sallar asuba Rahamatu takan cika kularta da ƙanƙara, ta jera kwalaben allurar rigakafi, ta hau bayan mashin daga Kankiya zuwa ƙauyukanmu. Shekara talatin da ɗoriya tana haka. Watan jiya ta aje aiki, ko goro ba a raba ba. Shi ya sa ni da iyakar karatuna yaƙi da jahilci na ɗauki biro, don na fi kowa sanin abin da aka yi mata. Ni na jawo.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na je Kankiya wajen yayana Gajere, mai talabijin da batirin mota. Ana gama labarai sai aka nuno wasu halittu sun sauko daga sama da siffar mutane, suna murmushi, suna alkawarin magani, alhali fatar aro ce a jikinsu. Turanci ake yi, Gajere yana fassara mana, shi ma rabi cinta yake. Ba wanda ya ce mini wasan kwaikwayo ne. Na ɗauka labaran ne ba su ƙare ba.

Na koma garinmu Yashe bakina cike. A bakin rijiya na ba matan unguwa labari, na ƙara gishiri yadda na saba.

Bayan sati biyu sai ga wata baƙuwa da farar riga, tana murmushi, tana cewa magani ta kawo kyauta. Rahamatu ce, lokacin ba mu san ta ba. Maƙwabciyata Iyatu ta taɓa ni.

"Yaya, ko su ne?"

"Mintsine ta ki gani," in ji ni. "In fatar ta ɗaye, su ne."

Iyatu ta kafa mata farce a dantse har jini ya fito. Rahamatu ta dubi jinin ta ce, "Inna, kin gani? Irin naki ne. To, ina yaran?"

Na ce wa matan ai halittun sun iya yin jinin ma. Muka ɓoye yara, wasu cikin rumbu, wasu ƙarƙashin gado. Ɗiyata Hawwa'u ta tambaye ni ko ta kai ɗanta Shehu, na hana.

Da bazara ƙyanda ta shigo. Yara goma sha ɗaya muka rufe a unguwarmu. Shehu ne na bakwai, bai cika shekara biyu ba.

Rahamatu ta zo gaisuwa. Ta san ni ce tushen maganar, don Yashe ba a riƙe zance. Ta zauna kan tabarma, ta yi addu'a, ta ce, "Iya, Allah ya ba da haƙuri. Akwai sauran yara a gidan?" Akwai. Na fiddo su da hannuna.

Tun daga ranar, duk ƙofar da ta isa, ita ke naɗe hannun riga da kanta. "Ga shi, a mintsina, sannan a kawo mini yara." An mintsina a Yashe, an mintsina a Sukuntuni. Iyatu ta gan ta da damina tana ƙetare rafi, ruwa har ƙirji, kula bisa kai.

Ke ce, Rahamatu, wadda aka rufe wa ƙofa kika dawo washegari. Ke ce kika bar jikinki ya amsa ƙaryar da bakina ya yi. Uwar yaran da ba ki haifa ba.

Kuma maganar ba ta mutu ba. Har yau yaran da ba su taɓa ganin wasan ba, in sun hango masu farar riga, sai su ce ga 'yan sama nan. Akwai gidan da ke ɓoye ɗa har gobe.

Ku 'yan matan da kuka gaji kularta, ku gaji haƙurinta. Ku kuma masu baki irin nawa, ku tambaya kafin ku yaɗa.

Shekaranjiya na je gidanta. Na ga dantsen, duk ƙananan tabo. Na miƙa mata nawa na ce, "Rama."

Ta riƙe hannun ta juya shi. "Iya, wannan ai ba wurin kamawa, duk ƙashi ne. In ramuwa kike so in yi, ranar rigakafi ki zauna bakin rijiyar nan, ki ba su labarin Shehu."

Mun gode, Rahamatu. Allah ya saka miki da aljanna. Ranar Asabar ake rigakafi, ina bakin rijiya.