Kwalekwalen da Aka Bar wa Dogara

Duk wanda ya taɓa shiga wani ƙaramin asibiti da ke unguwar Al-Sadd a Doha ya ga Dogara, ko da bai lura da shi ba. Shi ne dogon nan mai baƙar hula da ke tsaye a bakin ƙofa yana nuna wa mutane inda za su zauna. Mutumin Yauri ne, ɗan Sarkawa, irin gidan da yaro ke iya iyo tun bakinsa bai gama buɗewa ba. Mahaifinsa masunci ne, kakansa ma haka. Shi kuwa tun yana saurayi ya ce ƙarnin kifi ya ishe shi. Ya hau mota sai Kano, ya yi gadi a can, daga nan wani ya haɗa masa takardu ya faɗo Doha. Ya daɗe a nan har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Yana bakin aiki labarin rasuwar mahaifinsa ya same shi. Ƙanwarsa Hussaina ce ta turo saƙon murya, rabinsa duk kuka ne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce innalillahi, ya mai da waya aljihu, ya riƙe wa wata mata mai tura keken jariri ƙofa. Ya jira abin ya zo masa, bai zo ba. Abokan zama suka taru a ɗaki suna yi masa gaisuwa, yana amsa amin ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo shinkafa, ya cinye tas. Shi kansa ya san ba haka ake yi ba, amma zuciyarsa ta yi dum kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Sai maganar kwalekwale ta taso. Marigayin bai bar wani abin kirki ba sai shi da taruna, kuma Dogara ne kaɗai namiji. Baffa Iliasu, ƙanin mahaifinsa, ya yanke magana: in Dogara zai dawo ya shiga ruwa, kwalekwale nasa ne, in kuwa ba zai dawo ba a sayar a raba gado. Kwantiraginsa ma ya kusa ƙarewa, kamfani na jiran ya ce zai sabunta ko zai tafi. Kullum Hussaina sai ta tambaya, kullum amsarsa ɗaya ce, zai yi tunani. Gaskiyar magana babu tunanin da yake yi.

Wata Juma'a abokin ɗakinsa Sayibu, wani ɗan Zangon Kumasi mai surutu da ke tuƙa motar kai kaya, ya yaye masa bargo.

"Masa, mutumina, tashi. Ka kwanta kamar buhun gari. Yalla, mu je ka ga ruwa."

"Wane ruwa? Na bakin tekun Corniche bai ishe ka ba?"

"Wannan ruwan 'yan ɗaukar hoto ne. Ni inda ake kamun kifi da gaske zan kai ka."

Bayan sun sauko daga masallaci suka miƙa arewa, har dogayen benaye suka ƙare, aka bar su da fili da turakun lantarki. Ƙauyen da suka isa ba shi da abin da zai ja baƙo. Babu otal, babu rumfar hutawa, sai masallaci ƙarami da shagon wani Ba'indiye mai shayi, wanda suka tarar yana gyangyaɗi. Ruwa ya janye, jiragen katako sun kwanta a kan laka sun karkace. Ga tarin gurar kifi ta waya an jibge a gefe, ga kyanwoyi suna zagaye. Sayibu ya duba hagu ya duba dama, ya ce wallahi da ya zo bara ya fi haka kyau, sannan ya tafi ya tashi mai shayi.

Dogara ya bi bakin ruwa shi kaɗai. Ƙarnin da ya gudu saboda shi ne ya fara tarbarsa. A inuwar wani jirgi ya ga wani dattijo Ba'indiye zaune yana ɗinkin taru, ya maƙale bakin tarun a babban ɗan yatsan ƙafa, allurar saƙa tana shiga tana fita. Haka mahaifinsa ke zama, haka kuma ya zaunar da shi yana yaro, da ranƙwashi in ya yi kuskure. Dogara ya tsaya yana kallo. Nan take, ba tare da ya shirya ba, ya yanke wa kansa hukunci: in hannunsa ya kama ɗinkin nan, zai koma gida.

Ya yi sallama ya tsuguna. Da guntun Larabcinsa ya gaya wa dattijon cewa shi ma ɗan masunci ne, ya miƙa hannu. Mutumin ya yi murmushi ya ba shi allurar.

Ya cire takalmi, ya maƙale tarun a yatsa. Har nan jikinsa ya tuna. Ya zura allurar, ya zagayo da zaren, ya ja. Ƙullin ya zame. Ya sake, wannan karon ya kama, amma idon tarun ya fito ƙato, wanda kifi zai bi ya wuce ko gaisuwa babu. Ya canja hannu, ya zagayo ta ɗaya gefen, zaren ya cukurkuɗe. Ya rufe ido ko zai ga yatsun mahaifinsa, ya ga fuskar sarai, amma yatsun sun ƙi fitowa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Dattijon bai yi masa dariya ba. Ya karɓi allurar a hankali, ya warware duk abin da Dogara ya ƙulla, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Can ya ɗago ya dubi takalman gadin da ke gefe.

"Sikiriti?"

"Sikiriti," in ji Dogara.

Ya sa takalmansa ya taka har inda laka ta fara, ya kira Hussaina. Bai ji baƙin ciki ba, bai ji sauƙi ba. Muryarsa ma daidai ta fito, irin wadda yake gaya wa mutane likita bai iso ba.

"Ki gaya wa Baffa ya sayar."



"Yaya, ka tabbata?"

"Na tabbata. Ya dai nemi wanda zai sa shi a ruwa, kada a ba masu faskare."

"To ai shi ke nan." Ta ja hanci. "Amma akwai abin da ban gaya maka ba. Tun ranar uku Inna ta sa aka jawo kwalekwalen tsakar gida, tunda tana takaba ba ta fita. Kullum da safe da kanta take ɗibar ruwa tana zuba masa, wai kada rana ta tsaga shi kafin ka zo. Ba ta yarda kowa ya taya ta. Yanzu me zan ce mata?"

Daga nesa Sayibu na ɗaga masa kofin shayi yana kiran sunansa. Dogara ya mai da wayar ɗaya kunnen.

"Ki ce mata ta huta haka nan."