Ranar da Modu Ya Wuce Baba Salihu

Duk wanda ya san Modu direba a Gwammaja ya san ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko shayi a tsaye yake sha, ido na kan titi. Iyayensa Barebari ne, malamai masu haƙurin zaman buzu, shi kuwa Allah kaɗai ya san inda ya kwaso gaggawarsa. Da karatu ya ƙi shiga, aka miƙa shi ga Baba Salihu na Soron Ɗinki. Shi ya koya masa tuƙi a tsohuwar motarsa ta haya ƙirar hayis, shi kuma ya tsaya masa har aka ba shi motar haya.

Abin da ya fi ci wa Modu tuwo a ƙwarya shi ne tsayawar Jakara. Titin a matse yake, ga 'yan kasuwar Kurmi da kayansu, ga kuma dokar ƙungiyar direbobi: ba mai wuce motar da ke gabansa sai ta cika ta tashi. Ɗaya ta tsaya lodi, sauran su jeru a bayanta wayam, mutane na tsaye cikin rana suna kallon kujerun da aka hana su hawa. Modu ya bugi sitiyari, ya danna hon, ya sauka, ya koma, ya sake sauka.

A kowane taron ƙungiya shi ne mai miƙewa. "Ranka ya daɗe ciyaman, wurin nan zai sallami ninkin motocin da yake sallama. A bar na baya ya wuce ya yi lodinsa a gaba mana." Baba Salihu na gefe, bai taɓa cewa uffan ba. Modu ya san dalili, kawai ba ya son tunawa. Dokar nan ita ke cika wa tsohon mota, don ba mai zaɓar hayis da aka ɗaure ƙofarta da igiya in ga wata.

Aka yi ta ja har aka sauya dokar. Washegari Modu ya iso Jakara, sai ga motar Baba a gabansa, rabinta mutane. Tun tale-tale direba ba ya wuce wanda ya ɗora shi a kan sitiyari. Modu ya tsaya a bayansa, ƙafarsa a kan kuloci. Na baya suka ishe shi da hon. Wata hajiya mai ƙunshin atamfa ta leƙo ta taga.

"Malam direba, ba kai aka ce ka kawo dokar ba? To me kake jira?"

Ya murza sitiyari ya wuce, bai waiga ba. Da ya tsaya a gaba, ta madubi ya ga fasinjojin Baba na sauka ɗaya bayan ɗaya suna nufo shi. Nan da nan ya cika. Kunya ce ta raka shi har Kabuga.

Layin Jakara ya warware, har ana sa wa Modu albarka. Baba Salihu ya zo 'yan kwanaki yana tsayuwar banza, daga nan aka daina ganinsa. Modu ya kasa sukuni. Ya je bakin lungun Soron Ɗinki ya juyo, ya sake zuwa ya juyo. Wata la'asar dai ya daure ya shiga. Hayis ɗin na ƙofar gida a kan duwatsu, awaki na kwance a ƙarƙashinta. Ya tarar da tsohon a soro, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Modu, hanya ta buɗe?"

"Ta buɗe, Baba."

"Madalla. Mutane sun huta da rana."

Modu ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Ranar da ka wuce ni, ba ka kunna sigina ba. Ba haka na koya maka ba."