Kawu Mai-agogo da Kwanon Maƙwabciya

Kawuna, yayan Ummata, mai gyaran agogo ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a shago ɗaya, ɗan ƙarami wanda in ya buɗe hannuwansa sai ya taɓa bango da bango. A ciki akwai tebur, fitila mai lanƙwasasshen wuya, akwatin ƙananan sukurori, sai gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Duk layin shagunan Mai-agogo ake ce masa.

Mutum ne da ba ya yarda da magana sai ya gani da idonsa. In ka kawo masa agogo ka ce haka kawai ya tsaya, sai ya kalle ka ya ce, "Haka kawai? Bai faɗa ruwa ba?" Kana cikin rantsuwa zai buɗe bayan agogon ya nuna maka tsatsa. Yawanci shi ke da gaskiya, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan. Da matarsa ta rasu ya dawo gidanmu da zama, Umma ke masa girki, ita ma ba ta tsira ba. In ta canja man girki sai ya gane, kuma sai ya ji dalili.

Ciwon ya soma masa da murɗar ciki, sai gudawa, daga baya har da jini. Wata uku yana ɓoyewa. A cikin watannin nan ya zargi ruwan famfon shago, ya zargi mai shayin bakin titi, ya zargi sabuwar tukunyar Umma. Ranar da jiri ya kusa kayar da shi a ƙofar ɗaki, ni na sa shi a mota na kai shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ta ce hanjinsa ne ya kumbura, irin ciwon da ke tashi ya lafa, ya sake tashi. Ta rubuta magani, ta ce ya rage yaji da maiƙo, madara kuwa ya ajiye ta tunda ya lura tana tayar masa da ciki.

Muna fitowa ya ce da ni, "Yarinyar nan sa'ar jikata ce fa. Kin tabbata ba hanjin wani ta nuna mana ba?"

Maganin dai ya sha, amma abinci ya zama abokin gaba. Duk abin da Umma ta ajiye masa sai ya jujjuya shi da cokali ya ture. Ya rame har sau biyu yana ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙarfen da yake huda madaurin agogo.

Jikin shagonsa akwai wata mata mai sayar da zare da maɓalli da zif, ana ce mata Mai-zare. Shekara goma suna maƙwabtaka ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, sai wata rigima da suka taɓa yi kan rumfarta da ta tare masa haske. Wata rana da azahar ta shigo ta ajiye rufaffen kwano a gefen teburinsa.

"Malam, ga wannan, ka ci da ɗuminsa," ta ce, ta fita.

Ya ɗaga murfin. Shinkafa ce da ta dahu har ta narke, fara sol, mai kauri, tana ƙamshi. Ya mayar da murfin, da yamma ya taho da kwanon gida ya dire gaban Umma.

"Ke kika gaya mata ba ni da lafiya?"

"Wace ce?"

"Mai-zare."

"Yaya, ni ko kamanninta ban sani ba."

"To wa ya gaya mata? Dubi farinsa. Madara ce zalla. Likita ta hana ni madara, yau ga shi an kawo mini madara. Shagona take so, ta fasa bango ta ƙara nata."

Umma ta ce ya ji tsoron Allah. Ta ɗebo cokali guda ta ɗanɗana, ta ce wannan ai kwakwa ce, ba ɗigon madara a ciki.

"An sa kwakwar ne don ta rufe warin madarar," in ji Kawu.

Kwana huɗu kwano na zuwa, kwana huɗu ni da Umma muna cinyewa, shi kuma ya mayar mata a wanke ya ce an gode. A rana ta biyar ta ajiye kwanon ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallonsa yana fama da wani ɗan sukuru da ya ƙi shiga raminsa.

"Ba ka ci ba ko sau ɗaya," ta ce. "Wanda ya ci abinci hannunsa ba ya rawa haka."

Kawu ya cire gilashin idonsa. "Baiwar Allah, tunda kin kawo maganar, wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

Ta nuna masa ƙofar shagonta. Layin nan banɗaki ɗaya gare su a baya, makullinsa kuwa a jikin ƙusa yake rataye a bakin shagon Mai-zare.

"Jiya sau tara ka ɗauki makullin nan."

Kunya ta kama shi, sai ta koma fushi. "Ƙirga ni kike yi?"

"Ba sai na ƙirga ba. Me kake zato ya sa na nemi a rataye shi a wurina? Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da irin ciwonka. Ban da ɗana ba wanda ya sani."

Da labarin ya iso gida, Umma ta ce da wani ne da nan take zai ba da haƙuri. Abin da Kawu ya ce shi ne, "Sai na ga yadda ake yin sa."

Washegari ta zo da ɗan rishonta ta kunna a bayan shago, shi kuma ya jawo kujera ya zauna kamar mai gadi. Ta wanke farar shinkafa har ruwan ya washe, ta zuba mata ruwa mai yawa, ta rage wuta, tana juyawa a hankali. Ta goge kwakwa ta matse, ta tace sau biyu don kada wani tsaki ya shiga, ta sirka da ruwa saboda maiƙon kada ya yi yawa. Kawu ya karɓi matacin ya duba, ya shinshina robar sukari, ya tambayi abin da ke cikin wani ƙullin leda. Ta ce gishiri ne. Ya lasa. Da shinkafar ta narke ta zuba madarar kwakwar, da sukari rabin cokali, ta murƙushe nunanniyar ayaba a kai.

"Fara ci," ya ce.

Ta ci. Shi ma ya yi cokali uku, ya ajiye, ya zuba wa agogon bango ido har minti goma sha biyar. Da ya ji cikinsa shiru, ya cinye rabin kwanon. Ta ja masa kunne cewa wannan ba magani ba ne, abinci ne da ba ya faɗa da hanji, kada ya kuskura ya bar ƙwayoyinsa, kuma abin da ya karɓe ta ba lallai ya karɓe shi ba. Haka kuwa aka yi, ayabar ba ta yi masa ba, aka cire.

A hankali jikinsa ya ɗan dawo. Umma ta fara tsokanarsa, wai ko za a je a gaida mutanen Mai-zare. Ya ce dama ya san da hannunta a ciki tun farko, ya yi kwana biyu ba ya mata magana.

Bayan shekara biyu Mai-zare ta rufe shago ta koma wurin ɗanta. Ciwon Kawu ya tashi sau biyu tun daga nan, ɗaya har ya yi mako a gadon asibiti, amma yana nan yana aikinsa. Shinkafar da kansa yake dafawa da safe, kuma ba ya aiken kowa sayen kwakwa. Ranar Asabar na raka shi kasuwa. Ya girgiza kwakwa bakwai a kunnensa kafin ya zaɓi biyu. Mai kwakwar ya ce, "Baba, wallahi duk yau aka kawo su."

"Fasa ɗaya mu gani," in ji Kawu.