Zabirar Sarkin Aska a Lyon

Mounkaila ɗan wanzamai ne na Tasawa, jikan masu ƙaho da aska, amma yana tasowa ya ce shi da gado sai wata rana. Ya tsere Paris, ya yi dakon kifi a kasuwar Rungis har maguna suka fara yi masa rakiya. Daga nan ya zarce Lyon, inda wani Bature mai shagon huda ya lura hannunsa ba ya rawa, ya koya masa dasa ɗan kunne a fata, ko a kunci ko a ƙirji.

Da tsohonsa Sarkin Aska ya rasu, aka aiko zabirarsa wurin Gwaggo Biba, ƙanwar marigayin, mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris. Dangi suka ce ta duba: in Mounkaila na kan sana'a ta ba shi, in ya watsar a maido gida. Ta hau jirgin ƙasa, zabira a cinya.

"Kai ja'iri, nan ne wurin aikin? Ina tabarma?"

"Gwaggo, tabarmar nan ƙafa huɗu gare ta."

Ta zauna tana harara. Wata budurwa ta kwanta, tana son dutse mai ƙyalli ƙarƙashin ido. Mounkaila ya sa safar hannu, ya goge wurin da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ɗiga alama. Ya tsunkuno fatar da yatsu biyu, ya shigar da allura ya buɗe ɗan aljihu, ya zura gindin ɗan ƙarfen da zai riƙe dutsen ya kwanta ciki, sannan ya murɗa dutsen a kai. Duk yana yi yana tsokanar yarinyar, wai saurayinta zai makance. Tana cikin dariya aka gama.

Gwaggo ta bi hannunsa da kallo. Haka yayanta ke yi a gindin itacen bedi ranar kasuwa: ya tsunkuno fata, ya saki barkwanci, kafin mutum ya ankara jini ya tsaya. Ta shafa billen kuncinta.

"Ƙarfe a fuska, sai ka ce ƙofar gareji," in ji ta. "Ubanka da ya gani sai ya zane ka."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa.

"Gwaggo, kin manta kayanki."

"Gwiwata ba ta ɗaukar nauyi sau biyu. Ka riƙa shafa wa zabirar mai, fatar ta fara tsagewa."